Salamata Mai Ruwan Leda

Salamata ba ta iya raɗa ba, kuma ba ta taɓa neman koyo ba. A tsakiyar kasuwar Sankaryaaré sai ta tare mace ta ce, "Ke, fitsari na zubo miki ko?" Shekara talatin ta yi tana goge daɓen ɗakin haihuwa. Takarda ko ɗaya ba ta da ita, amma duk abin da ungozoma ta faɗa ya zauna a kanta.

Haka ta tare Mamunatu mai atamfa, maƙwabciyarta tun kafin a rushe unguwarsu ta Zangouettin. Haihuwa takwas. Tari ko atishawa, sai zane ya jiƙe. Shekara uku rabonta da masallacin Juma'a, don alwalarta ba ta kaiwa raka'a ta biyu.

"Haba Yaya, rufa min asiri!"

"Asirin da ke wari? Tashi ki ɗaga dilar atamfar nan in gani."

Mamunatu ta ƙara tamke zane a ciki, yadda ake ɗaure ta bayan kowace haihuwa, ta riƙe numfashi, ta yunƙura. Ta jiƙe.

Salamata ta sayi ruwan leda, ta huda da haƙori, ta kifa ta matsa. Ruwa ya feso. Ta damƙe hudar da yatsu biyu ta sake matsawa. Ko ɗigo.

"Cikinki ne hannu, ƙasanki yatsu. A wurinki hannun ne ke riga yatsu. Sassauta ɗaurin nan. Ja ƙasanki sama kamar mai riƙe tusa gaban suruka, saki numfashi, sannan ki ɗaga."

Sau goma bayan kowace salla. Wata ya wuce babu canji, Mamunatu ta yi mita, Salamata ta zage ta. A wata na huɗu Mamunatu ta yi ƙarfin hali ta shiga sahun Juma'a. Liman na tsakar karatu atishawa ta taso mata, sai ta ji ƙasanta ya rufe da kansa kafin cikin ya motsa. Naman da ba ta taɓa gani ba ya koyi lokacinsa! Ta sallame da alwalarta.

Bara, da ciwon ajali ya kwantar da Salamata, mata suka cika ɗakin har ƙofa. Mamunatu ta tambaye ta me za su yi mata.

"'Ya'yanku mata," in ji ta. "Ku koya musu tun cikin fari. Kuma da ƙarfi za ku faɗa, kar wadda ta yi musu raɗa."