Gwangwanayen Malam Tasi'u

Malam Tasi'u malamin Turanci ne a wata firamare ta ƙauye a gabashin Zakirai, kuma bai taɓa yarda alli kaɗai zai koyar da ɗan manomi ba. Gwangwanaye uku yake shiga aji da su: gyaɗa, gero, wake. Gyaɗa ita ce suna, gero aikatau, wake sifa. Sai ya faɗi kalmar Turanci, yaro ya ɗebo ƙwayar da ta dace ya ajiye a faifai. In ya ce "farmer", gyaɗa. In ya ce "plant", a yi ta gardama har a tashi. Duk kaka yakan sabunta hatsin daga gonarsa, irin da ya gada wurin mahaifinsa, mai saurin nuna.

Sai ga shekarar fari. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone. Rumbuna suka koma fanko, har iri aka cinye. Malam ya lura gwangwanin suna yana raguwa kullum. Ya san inda gyaɗar take zuwa, bai tambayi kowa ba.

Da ruwa ya sauko sosai, a makare, matarsa Furera ta tare shi a bakin zaure.

"Malam, ƙasa ta jiƙu, ba mu da abin zubawa. Kai kuma kana yawo da iri a jaka."

"Na yara ne. Jarrabawa ta kusa."

"Yaran, Turanci za su ci da rani?"

Ya san da gaskiyarta, amma ya san ajinsa: in babu ƙwaya a hannu, kalmomin nan duk kamanninsu ɗaya ne a wurinsu.

Washegari ya ce wa 'yan aji kowa ya zo da sungumi. Ya kai su gonarsa da ke bayan makaranta, ya raba kunyoyi: nan na suna, can na aikatau, wake a tsakani. Ya tsaya a kan iyaka yana kiran kalma, wanda ya gane ya ruga kunyarta, ya sara, ya zuba, ya take da diddige. Maƙwabcinsa Nababa ya leƙo ta kan shinge.

"Malam, yau Bature ya kama noma ke nan?"

"Ya kama, Nababa. Kai ne ka makara."

Gyaɗar ba ta yi kirki ba, da ma saura kaɗan ce. Amma geron ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Furera ta sussuka shi, ta ware na gida, sauran aka raba wa iyayen yara su ajiye iri. Sannan ta wanke gwangwanayen, ta cika na gero da na wake da hannunta, ta miƙa masa na gyaɗa ba komai.

"Wannan sai ka roƙi 'yan ajinka," in ji ta. "Su suka san inda sunayen suka shiga."