Gwiwar Liman

Malam Abdulwahab ya gaji limancin masallacin unguwarsu a Takur daga mahaifinsa, kuma ban da shi bai gaji komai ba. Ba shi da gona, bai iya ciniki ba. Tsayuwa gaban sahu ita ce sana'arsa, har ranar da aka kira shi yanka wani bijimin layya, bijimin ya ga bai amince ba, ya harbe shi a gwiwar dama.

Maɗori ya laluba ya ce ƙashi lafiya lau, kuma gaskiya ya faɗa. Kumburi ya sace, amma gwiwar ta koyi sabon hali: yana tsaye sai ta goce kamar ba tasa ba. Malam ya san hukuncin, shi da kansa ya sha karantar da shi: mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa. Don haka ya ɗaure ta da tsohon rawani a ƙarƙashin wando, ya koma gajerun surori. Jama'a suka ƙaru. Har daga wata unguwa ake zuwa, ana yaba sauƙin halinsa.

Wata La'asar, yana tasowa daga sujada, gwiwar ta zubar da shi. Na'ibinsa Malam Talha, wanda Liman da kansa ya koya wa karatun allo, ya matso ya ƙarasa sallar.

Likitan ƙashi a Kano ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar daga ciki ta tsinke, kuma ba ta haɗewa da kanta. Za a yanko wata daga bayan cinyarsa, a huda ƙashi a zura ta. Durƙuso kuwa sai bayan watanni.

"Likita, ba yadda za a yi in riƙa jan ko da Asuba ce?"

Likita ya yi dariya, ya ɗauka raha ce. Indo, matar Malam, ba ta yi ba. Ta ce masallaci ba ya gudu, ƙafa kuwa ga ta tana gudu.

Aka yi aikin. Malam ya yi ta lanƙwasa ƙafar a tsakar gida yana cije leɓe, hawaye na zuba cikin gemu, kunnensa na kan lasifika, inda muryar Talha ke ƙara zama daram. Ranar da goshinsa ya taɓa ƙasa ya tashi ba sanda, ya sa babbar riga ya fita tun kafin kiran Azahar.

Aka tarbe shi da murna. Alhaji Gwadabe, dattijon unguwa, ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Allah gafarta Malam, ai ka yi mai wuyar. Talha yaronka ne, ladan duk naka ne. Kada mu sake kayar da kai."

Malam ya ce ƙafar ta warke, har ya ɗaga ta ya nuna. Kowa ya ce masha Allah. Aka ta da iƙama, Talha ya wuce gaba kansa a sunkuye, aka matsa wa Malam wuri a sahun farko.