Ranar da Kaka Ya Shiga Filin Dambe

Duk sanda na ji warin man zafi, sai in tuna bencin Kaka a ƙofar gidanmu a unguwar Nima. Da man yake murza kafaɗarsa ta dama, wadda a cewarsa ta kwantar da maza fiye da zazzaɓi. Mahauci ne, kuma tsohon ɗan dambe. Tun ina ƙarama yake zaunar da ni yana cika mini kunne.

"Amarya, a zamaninmu hannu ɗaya ake naɗewa da zare, ɗayan garkuwa ne. Gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan, wasa ya ƙare. Na yanzu fa? Sun cusa hannu cikin matashin kai suna tsalle kamar kwaɗi!"

"To Ango, haƙoranka ina suka tafi?"

"Na bar su a Sakkwato, a hannun mutanen kirki."

Yayana shi ne ɗan damben zamani na gidanmu. Kullum bayan sallar asuba sai ya yi gudu har shataletalen Circle ya dawo, ya share shinkafa da waken da zai ishi gidan biki, har Mama ta fara ɓoye tukunya. Boko bai karɓe shi ba, damben nan kaɗai yake da shi. Sai aka sa gasa a unguwar Bukom, aka ce wanda ya ci za a kai shi horo ƙasar waje.

Kaka ya ce sai ya je ya ga wasan yara. Ya zura babbar riga, na riƙe masa sanda, muka hau trotro, motar haya. Kafin mu sauka, har direba ya san jikansa zai yi kisa yau.

Ana fara wasa, Yaya ya sakar wa abokin karawarsa naushi ɗaya a muƙamuƙi, yaron ya zube. Alƙalin wasa ya sunkuya yana ƙirga. Ka ga tsohon nan da sai an tallafe shi yake hawa matakalar masallaci? Wallahi ban ga tashinsa ba. Sandarsa kawai na gani a hannuna, shi kuwa ya kutsa tsakanin igiyoyi kamar ɗan akuya, ya ɗaga hannun Yaya sama.

"Ya kashe shi! Jinina ne!"

"Kaka, fita! Don Allah fita, ba a gama ba!" in ji Yaya.

"Ba a gama me ba? Ga gawa a ƙasa!"

Gawa ta miƙe tana gyara wando. Fili ya kece da dariya, ni ma na yi, har na ga fuskar Yaya. Ashe a dokarsu, in wani naka ya shiga fili ana cikin wasa, an cire ka. Mai horar da Yaya ya yi roƙo da Turanci, ya yi da yaren Ga, ya yi da yaren Twi. Aka ɗaga hannun wanda ya sha ƙasa.

Yanzu Yaya doya yake saukewa daga manyan motoci a kasuwar Agbogbloshie. Ya jira a sake kiransa, amma ƙananan yara sun taso sun cike gurbin. Ran Juma'a yakan zo ya durƙusa ya gaida Kaka, su yi maganar tsadar doya, ya tashi. Kaka kuwa ya daina labarin dambe. In aka sa dambe a talabijin, sai ya ce a juya masa kujera.

Kwanan baya na zauna kusa da shi, na ce bari in tsokane shi ko zai yi dariya.

"Ango, tsakani da Allah, na da da na yanzu, wa ya fi?"

Ya daɗe yana kallon kwatar da ke bin ƙofar gida.

"Na da sun fi sa'a, Amarya. Mu abokin karawa ne yake kashe mu, ba kakanmu ba."