Yatsun Sai-an-rushe

Shekara talatin da huɗu yana gini, bai taɓa wuce katangar wani magini bai tsaya ya karkata kai ba. Zai kanne ido ɗaya, ya yi tsaki, ya ce, "Wannan sai an rushe." Da haka sunan ya bi shi, har matarsa in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Safar hannu kuwa a wurinsa ta ragwaye ce. Da yatsa yake gane kwaɓin siminti, ko ya ji ruwa ko da saura.

Ɗa ɗaya Allah ya bar musu, direban babbar mota a wata ƙasa. Ran nan aka bugo waya: mota ta kife, ƙashin baya ya taɓu, likitoci sun ce iyaye su zo, kada su yi nawa.

Duk abin da aka ce su yi sun yi. Allurar ciwon shawara, katin rigakafi, awon ƙirji, da hoton da ba a murmushi, wanda shi kam bai ba su wahala ba. Saura ɗaukar zanen yatsu a ofishin biza. Matar ta ɗora hannu a kan gilashin na'ura, nan take wuta ta nuna kore. Shi ya ɗora, ja. Ya goge a riga ya sake, ja.

"Baba, wace sana'a kake yi?" in ji ma'aikaciyar.

"Gini."

"Siminti ya cinye zanen. Na'ura ba ta ganinka."

"'Yata, ga ni zaune a gabanki. Ke ma ba kya ganina?"

"Ina ganinka, Baba, amma ba idona ake tambaya ba."

Ta ba shi mako uku. Ban da siminti, ban da sabulu mai ƙarfi, ya riƙa shafa mai safe da yamma.

Matarsa ta ce za ta jira shi, don ko tsanin jirgi ba ta taɓa gani ba. Ɗan ma a waya, da murya kamar daga cikin rijiya, ya ce, "Baba, kai nake so ka zo ka riƙa juya ni. Inna ba za ta iya ba."

Haka Sai-an-rushe ya koma zaman benci, hannaye a kan gwiwa suna sheƙi, kamar wanda ya aro su yana tsoron mai su. Ko ƙofa da gwiwar hannu yake turawa. Kullum da safe sai ya ɗaga babban yatsa a rana, ya ga zanen yana dawowa siriri siriri.

A kwana na goma sha takwas aka tafka ruwa, katangar tsakar gida ta tsage ta jingina wajen ɗakin girki. Aka kira ƙanin matar, shi ma magini ne. Sai-an-rushe ya tsaya a kansa, hannu a baya.

"Layin nan ya gudu."

"Yaya, koma benci ka ci gaba da ƙyalli. Masu hannu suna aiki."

"Bulon can ya ɗara ɗan'uwansa da yatsa guda."

"Kai da hukuma ta ce ba ka da yatsa?"

Sai-an-rushe ya yi dariya, ya kau da kai. Ya sake dubawa. "Miƙo cokalin ginin nan. Nuna maka kawai zan yi."

Matar tana kasuwa. Ko da ta dawo, katanga ta kai ƙirji, a miƙe sak, hannayen mijinta kuwa sun yi furu-furu har wuyan hannu. Ta ajiye kwando a ƙasa ta shige ɗaki.

Ranar komawa, wuta ta nuna ja. Ma'aikaciyar ta juya tafinsa, ta ga sababbin tsaga. Ta rubuta masa wata rana, bayan wata ɗaya.

Matarsa ta tafi ita kaɗai. A filin jirgi ya buɗe takardar shawarwarin da aka ba su yana karanta mata: kada ta sha ruwan da ba a rufe yake ba, maganin hawan jininta ya zauna a jakar hannu, katin rigakafi a cikin fasfo. Ta bar shi ya kai ƙarshe.

"In yaron ya ce ina kake fa?"

"Ki ce na'ura ce ta ƙi."

"Malam, tun da na haife shi ban taɓa yi masa ƙarya ba."

"To ki bari sai ya ɗan ji sauƙi."

Ta dube shi, shi ma ya dube ta. Su biyun sun ji abin da likita ya faɗa jiya a waya: ba a sa ran wani sauƙi. Ta gyara mayafi, ta ɗauki jakarta ta shiga layi.