Tarihin Inna Sa'a, Wadda Ta Ƙi Wanke Gawar Jannatu

Haihuwa da Tasowa

An haifi Halimatus Sa'adiya, wadda mutanen Matameye suka fi sani da Inna Sa'a, a shekara ta 1951 a garin Dawce ta ƙasar Kance. Mahaifinta shi ne Malam Suhaibu, manomi kuma limamin unguwa, mahaifiyarta kuwa sunanta Habi, mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai. Ba a kai ta lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ta zauna gaban allo har ta sauke Alƙur'ani a 1965, sannan ta ci gaba da sauraron karatun fikihu daga bayan zaure lokacin da mahaifinta yake biya wa manya. A nan ta fara jin cewa mamaci yana da haƙƙi huɗu a kan masu rai, wato wanka, da likkafani, da salla, da binnewa.

Aure da Shiga Aikin Sutura

A 1969 aka ɗaura mata aure da Munkaila, wani tela mai rumfa a kasuwar Matameye, mutum mai sanyin hali wanda bai iya faɗa ba ko da kaza ce ta shiga masa kwano. Mahaifiyarsa Ramatu ita ce mai wankan gawar mata a unguwarsu. Da ciwon sanyin ƙashi ya kama hannuwan tsohuwar a 1974, sai ta fara tafiya da surukarta Sa'a domin ta riƙa zuba mata ruwa, kuma kafin shekara uku aikin ya koma hannun Sa'a baki ɗaya.

Daga Ramatu ta koyi tsarin aikin: a rufe al'aura da zane, a yi wa mamaciya alwala, a fara da dama kafin hagu, a wanke da ruwan ganyen magarya sau uku ko biyar, a sa kafur a na ƙarshe. Ta kuma koyi dokar da ta fi duk waɗannan nauyi a wajen masu wannan aiki, wato amana: abin da ido ya gani a ɗakin wanka, a ɗakin yake kwana. Shekara talatin da tara ta riƙe wannan doka. Ta ga ramar yunwa a gidajen da ake zaton ana zubar da tuwo, ta ga cututtukan da aka ɓoye wa dangi, ba ta taɓa buɗe baki ba, ko ga mijinta da yake ɗinka likkafanin.

A annobar sanƙarau ta 1995, lokacin da 'yan'uwa suke gudun gawar 'yan'uwansu, Inna Sa'a ta riƙa shiga gida biyar ko shida a yini. Bayan annobar ta ga cewa hannu biyu ba su isa gari ba, sai ta fara koya wa matan unguwa, har ta yaye goma sha ɗaya. Ba ta taɓa karɓar komai daga wajensu ba. Buƙatarta ɗaya ce, kuma ba ta gajiya da maimaita ta duk ranar da ta yaye wata: “Ni dai ranar da tawa ta zo, ku yi mini irin wanda na koya muku, kada ku yi gaggawa.” Wannan shi ne abin da ta sa a gaba duk rayuwarta.

'Ya'ya

Allah ya ba ta haihuwa takwas tsakanin 1971 da 1989, uku suka rasu suna ƙanana. 'Ya'yanta mata biyu, Fadila da Anisa, ba ta koya musu aikin ba, kuma da gangan ne. Ta san cewa akwai matan da suke kiranta da kuka idan an yi musu rashi, amma a gidan suna sai su janye hannu daga kwanon da ta sa nata. Ba ta so 'ya'yanta su gaji wannan. Mijinta Munkaila ya rasu a 2006 bayan doguwar jinya.

Dokar Hukuma

A 2009 aka tara limamai da masu unguwanni da masu wankan gawa a farfajiyar meri, wato ofishin magajin gari, aka yi musu bayanin abin da doka ta ce. Kowace rasuwa sai an sanar da ita domin a yi takardar shaidar mutuwa. Gawar da aka ga rauni a jikinta kuwa, ko aka yi shakkar sanadin mutuwarta, ba a wanke ta, ba a binne ta, sai likita ya duba, jandarma sun rubuta abin da suka gani, hukumar shari'a ta ba da izini. Kowa ya gyaɗa kai, aka ci shinkafa, aka yi fatiha.

Inna Sa'a kaɗai ta ɗaga hannu ta tambayi yadda za a yi da amanar ɗakin wanka. Malam Abdulra'uf, limamin unguwarsu, ya amsa mata a gaban jama'a cewa rufe aibin mamaci daban yake da rufe zaluncin da aka yi wa mamaci: na farko lada ne, na biyu kuwa haɗa baki ne da azzalumi. Duk waɗanda suke wurin sun ce Malam ya faɗi gaskiya. Kuskuren Inna Sa'a shi ne ta ɗauka da gaske suke.

Al'amarin Shekara ta 2013

Ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2013, da hantsi, aka aiko kiranta daga gidan Alhaji Shekara, wani attajiri ɗan asalin Damagaram wanda rabin unguwar suke ci a ƙarƙashinsa, daga masu dakon wake zuwa masu tuƙa masa mota. Jannatu, matar ɗansa Muntaka, mai shekara talatin da ɗaya da 'ya'ya uku, ita ce ta rasu, an ce zazzaɓi ne. An riga an haƙa kabari, an kawo makara, ana so a yi salla kafin azahar.

Da Inna Sa'a ta yaye mayafin, sai ta ga shatin yatsu a wuyan Jannatu, hagu da dama, da farce biyu karyayyu a hannunta. Ta daɗe a tsugune. Ta san me za a yi mata idan ta yi magana, domin a garin ta tsufa. Ta kuma san cewa idan ruwan magarya ya sauka, aka naɗe likkafani, shi ke nan, babu wanda zai sake ganin wuyan nan sai ƙasa. Ta mayar da mayafin, ta ɗauki ƙwaryarta ta fito. Alhaji Shekara ya tare ta a soro ya ce, “Inna, ki rufa mana asiri kamar yadda kika saba, Allah ya rufa naki.” Ta ce, “Alhaji, asirinta nake rufawa, ba na wanda ya shaƙe ta ba.” Daga nan ta taka da ƙafarta zuwa wajen jandarma.

An ɗauki gawar zuwa likita, aka duba, aka tabbatar da abin da ta gani. Izinin binnewa bai fito ba sai washegari bayan sallar Juma'a, kuma ita ɗin ce ta wanke Jannatu, domin a ranar babu wadda ta yarda ta shiga. An gurfanar da Muntaka a kotu a Damagaram, aka yanke masa hukuncin ɗauri a 2015, bayan Inna Sa'a ta tsaya ta ba da shaida.

Shekarun Ƙarshe

Matameye ba ta yafe mata ba. Ba a cika maganar wuyan Jannatu ba, abin da aka riƙe shi ne an sa gawar Musulma ta kwana ba a binne ba, an sa namiji ya ga jikinta, an kuma tona abin da aka gani a ɗakin wanka. Kowace mace ta fara lissafin abin da Inna Sa'a ta sani game da uwarta ko 'yarta, tana tsoron ranar da shi ma zai fito, alhali har ta koma ga Allah ba ta ƙara faɗin komai a kan kowa ba. Daga 2013 ba a sake aikowa kiranta ba. Matan da ta yaye su suka gaje aikin, suna wucewa ta ƙofar gidanta da ƙwarya da ganyen magarya, idonsu a ƙasa. Mazajensu a gidan Alhaji Shekara suke samun abinci, wannan gaskiya ne, amma gaisuwa ba ta hana kowa cin tuwo ba.

Muntaka ya fito a 2018, aka yi cincirindo zuwa yi masa barka, a shekarar kuma ya sake aure. Waɗanda suka gyaɗa kai a farfajiyar meri suna cikin sahun farko na masu barkar. Malam Abdulra'uf ne kawai ya ci gaba da zuwa gaishe ta ranar Juma'a. Ta koma sayar da daddawa a ƙofar gida, cinikin ma sai baƙin ƙauye da suke zuwa daga Icirnawa da Ɗan Barto.

Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, amma abin ya ci ta, ya ramar da ita. Da 'yarta Fadila ta roƙe ta a 2022 ta koya mata wankan saboda halin yau da gobe, sai ta ƙi, ta ce, “Ke dai bar wannan. Fushi suke yi, amma ranar za su zo, ai ni na koya musu.” Har ƙarshen ranta ta yi imani da haka.

Rasuwa da Jana'iza

Inna Sa'a ta rasu ranar Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024, da misalin ƙarfe tara na safe, a ɗakinta, tana da shekara saba'in da uku, bayan jinyar sati biyu. Ɗanta Salisu ya je meri ya sanar da rasuwar kamar yadda doka ta tanada, aka ba shi takarda.

Matan sun zo, kamar yadda ta ce. Suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, suka yi ta'aziyya, suka zauna. Aka dafa ruwan magarya ya huce, aka sake ɗumama shi. Kowace tana kallon ta kusa da ita, tana jiran wata ta fara tashi, domin babu wadda take so a kai labari cewa ita ce ta shiga. Ɗaya ta ce hannunta yana ciwo, ɗaya ta ce ba ta da tsarki.

Da azahar ta gabato, Fadila da Anisa suka shiga ɗakin su biyu. Malam Abdulra'uf, da tsufansa da sandarsa, ya tsaya a bayan taga ya juya baya, yana faɗa musu abin da za su yi ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna yi suna kuka. Likkafanin sau biyu ana warware shi kafin ya zauna. Kafur kuwa ba a sa ba, domin babu wanda ya san inda take ajiye shi. Malamai sun ce wankan gawa farilla ce da idan mutum ɗaya ya yi, ya sauke wa gari duka, saboda haka a shari'a babu laifi a kan kowace mace da ta zauna a kan tabarma ranar nan. An yi mata salla a ƙofar gida, sahu biyu, aka binne ta a maƙabartar gabas da gari kafin la'asar.

Ta rasu ta bar 'ya'ya biyar: Salisu, tela a rumfar mahaifinsa, Sha'aibu, manomi a Dawce, Fadila, matar aure a Matameye, Suhaibu, direba a Damagaram, da Anisa, malamar lakwal a Kance. Ta bar jikoki ashirin da uku. Ta kuma bar mata tara masu rai daga cikin goma sha ɗayan da ta koya wa wankan gawa, kuma dukansu tara suna tsakar gidan a ranar, taku goma daga ƙofar ɗakin. Allah ya jiƙanta da rahama.