Neman Dangin Kakana a Zandam

Mun tashi da asuba daga Birnin Kudu, ni da ƙanen matata, da jaki ɗaya ɗauke da guzuri da ɗan goron gaisuwa. Ba fatauci ya fitar da ni ba. Ɗana ne ya ga yarinya a unguwarmu, ita ma ta amince, amma da na je wajen baffanta sai ya tambaye ni a gaban mutane, cikin ladabi kuwa: "Malam, ina danginku? Ba mu taɓa ganin kowa naku ba." Kakana Jatau shi kaɗai ya zo daga ƙasar Gwaram, ya haifi mahaifina tilo, ni ma tilo ne, ɗana ma haka. Sunan garinsa kawai na sani, Zandam.

Lokacin kaka ne, ko'ina dammunan dawa a jingine. A Surko muka sha fura a wajen wata Bafulatana, ƙwarya cike a kan kuɗin wuri ashirin, da man shanu a kai. Abokin tafiyata ya ce nonon ya yi tsami, amma sai da ya ga gindin ƙwaryar ya faɗa. Daga nan hanya ta shiga duwatsu, muka riƙa wuce ƙauyuka masu shingen ƙaya biyu, saboda maharan da kan sauko daga tsaunukan kudu. A Dingaya sai da mai ƙofa ya tambayi sunan mai unguwarmu kafin ya bar mu muka kwana. Washegari muka haye kogi, ruwa iya gwiwa, amma jakin ya tsaya tamkar teku aka nuna masa.

Mun shiga Zandam bayan azahar. Duk wanda na faɗa wa sunan kakana sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in je wajen Alhaji. Na ɗauka wani abin kunya kakana ya bari a baya.

Alhajin tsoho ne, ido ya yi rauni, shekara goma sha ɗaya ya yi a hanyar Makka da ƙafa. Da ya ji ko ni wane ne, ya kama hannuna bai saki ba.

"Wata shekara mahara suka zo," in ji shi, "mutane suka gudu cikin ganuwar Gwaram. Gida tara suka bar irin shukarsu amana a wajen kakanka, har da gidanmu, don shi ya ce ba inda za shi. Ya ɓoye irin a kogon dutse. Yunwa ta biyo baya. Ya cinye nasa irin, ya koma cin ganyen tafasa da saiwa, amma ko zangarniya bai taɓa daga na mutane ba. Da ruwa ya sauka, kowa ya sami abinsa cif. Shi ne kaɗai ba shi da abin shukawa. Aka ce za a haɗa masa, ya ce ba don a biya shi ya yi ba, ya ɗauki sandarsa ya tafi."

Na gaya masa abin da ya kawo ni, da yadda zuriyarmu ta tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ya yi murmushi, ya ce a Sawakin, garin bakin teku inda ya jira jirgin ruwa a hanyar Makka, ya zauna da wani ɗan kasuwa mutumin ƙasar Hindu, wanda ba musulmi ba ne. Mutumin ya ba shi labarin kakanninsu: wani sarki marar haihuwa ya daɗe yana azumi a daji, har aka yi wa matansa biyu baiwa, aka ce kowace ta zaɓa, 'ya'ya dubbai ko ɗa guda mai riƙe zuriya. Ɗaya ta zaɓi dubbai, suka tashi da girman kai, suka hallaka rana ɗaya. Ɗayar ta zaɓi ɗa guda, kuma ta wajensa aka sami jika na kirki, wanda roƙonsa ya saukar musu da kogin da suke sha har yau.

"Addininsu daban," in ji Alhaji, "amma tun a can Jatau ya faɗo mini a rai. Dawar da ka gani a hanya, jikokin irin nan ne."

Kwana uku muka yi, kullum tuwo daga gida daban. Ranar komawa, kowane gida cikin taran nan ya ba da dattijo guda. Mu biyu muka fita, mu goma sha ɗaya muka shiga Birnin Kudu, sai da baffan yarinyar ya aro tabarmi a maƙwabta. Babban dattawan ya ce su ne iyayen ango, kuma aka ba mu yarinyar.

Na fita ina jin kunyar ƙarancinmu, na dawo na san cewa mutum kan bar dangi ta hanyar halinsa, ba ta haihuwa kaɗai ba. Yanzu in an tambaye ni asalina, nakan ce ni jikan Jatau ne na Zandam, in ɗaga kaina.