Sista Ɗiga-in-gani Za Ta Ajiye Aiki

Kafin ƙarfe bakwai ta buɗe ƙaramin ɗakinta a ƙarshen barandar asibitin ido. Kujera biyu ne a ciki, da famfo, da agogon bango. Sai ta wanke hannu ta leƙo: "Masu hawan jinin ido, kowa ya fito da kwalbarsa!" Shekara talatin da ɗaya ba ta sallami mutum ba sai ya ɗiga magani a gabanta. Nan sunan ya samo asali. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ni da ko makaranta ban iya zama na ƙarasa ba, na zauna a ɗakin nan saboda babana. Tela ne. Ciwon ya cinye idonsa na hagu, da na dama yake ciyar da mu, ga shi ya watsar da maganin.

"Me ya yi maka, Baba?" in ji ta.

"Zafi, Sista. Ido ja wur, maƙogwaro ɗaci. Kuma ban ga ganin ya ƙaru ba."

"Ba ƙara gani yake ba, wanda ya rage yake tsarewa. Ɗiga in gani."

Ya matsa ɗigo huɗu yana ta ƙifce-ƙifce.

"Haba Baba, shuka kake ba ruwa?"

Har 'yan layi suka yi dariya. Ta nuna masa: ɗigo ɗaya, a rufe ido, a danne gefensa ta wajen hanci minti biyu, kada maganin ya gangara maƙogwaro. Tana cikin haka ta ji ƙirjinsa na fito.

"Kana da asma?"

"Tun ina yaro."

Ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ta ja hannunsa har gaban likita, domin ɗaya daga cikin kwalaben nasa na toshe numfashin mai asma. Aka canja. Sabon ya tsawaita masa gashin ido, Mama ta riƙa kiransa amarya. Cikin wata uku awon hawan jinin idon ya sauko daga talatin da biyu zuwa sha biyar.

Sista, ke ce mai gadin ido ɗaya tilo! Shekara shida ke nan, Baba da kansa yake zura zare a allura. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku da kuke miƙa magani ta taga, ku riƙa ɗago kai kuna tambaya. Wani mai karɓa, ido ɗaya ya rage masa.